Takardun da malaman jami'a ke bari: abin da ke cikinsu, inda suke, da yadda ake kai gare su

Idan malamin jami'a ya yi ritaya ko ya rasu, littattafan da ya wallafa suna nan a ɗakunan karatu, duk mai so yana iya samunsu. Amma akwai wani tarin rubutu da yake bari wanda ya fi littattafan yawa nesa ba kusa ba, kuma galibi ba a taɓa buga shi ba. A ciki akwai wasiƙun da ya yi musaya da abokan aikinsa da ɗalibansa, da littattafan rubutu da ya cika a wurin bincike (waɗanda a ƙasashen Faransanci muke ce wa kaye), da ƙananan katunan da yake tara kalmomi ko sunaye, da daftarin littafi kafin a gyara shi, da bayanan darussan da ya karantar, da kaset-kaset na hira, da hotuna, wani lokaci har da lissafin kuɗin da ya biya tafinta ko direba. Masu aikin adana takardu suna ɗaukar wannan tari a matsayin abu guda, su raɗa masa sunan mai shi. A Faransanci ana cewa fonds sai a haɗa da sunan, kamar fonds Griaule.

Abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kundin malamin zaure ma haka yake: warwarar takardu a cikin tadarishi ko gafaka, da fatawa, da addu'a, da wasiƙar wani malami daga nesa, da ranar haihuwar ɗa a gefen shafi. Bambancin shi ne kundin malamin jami'a yakan ƙare a ma'ajiyar wata jami'a, sau da yawa a wata nahiya daban da wadda aka yi binciken.

Wannan ya shafi Hausawan da ke zaune a Gana, Togo, Benin, Kamaru, Cadi da Sudan fiye da yadda ake zato. Takardun gwamnatin mulkin mallaka sun fi damuwa da haraji da shari'a da sarakunan ƙasa. Labarin wanda ya kafa zango, da limamin da ya fara ba da karatu, da hanyar da goro ya bi, yawanci masu bincike ne suka ji shi daga bakin dattawa suka rubuta a kaye. Kaɗan daga ciki ya shiga littafi. Sauran yana cikin kwalaye.

Abin da littafin da aka buga ba ya faɗa

Duk wanda ya karanta ilimin harsuna a Yamai, Yawunde ko Njamena ya ji sunan Ferdinand de Saussure. Littafin da aka san shi da shi, Cours de linguistique générale, ba shi ya rubuta shi ba. Ya rasu a 1913, sai abokan aikinsa biyu, Charles Bally da Albert Sechehaye, suka tattara kayen ɗaliban da suka halarci darussansa a Geneva suka haɗa littafin, aka buga a 1916. Shekara tamanin bayan haka, a 1996, aka tsinci wasu takardu da hannunsa a wani gini na gidan iyalinsa, aka buga su a 2002, masana suka koma suna gwada abin da mutumin ya rubuta da abin da aka rubuta da sunansa.

A ilimin lissafi ma an yi irin haka. Srinivasa Ramanujan ɗan Indiya ya rasu a 1920 yana da shekara 32. Takardun da ya rubuta a shekararsa ta ƙarshe sun yi ta yawo har suka shiga cikin tarkacen wani farfesa na Ingila, G. N. Watson. Bayan rasuwar Watson a 1965 aka kai kwalayensa kwalejin Trinity ta Kambirij, suka zauna babu wanda ya san darajarsu sai a 1976 da George Andrews ya buɗe su ya tarar da ƙa'idojin lissafi fiye da 600.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na F. W. Parsons, wanda ya karantar da Hausa shekaru da yawa a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan. Rabon aikatau na Hausa zuwa azuzuwa bakwai, wanda har yau ake karantarwa a sassan Hausa na jami'o'i, daga wata maƙalarsa ta 1960 ya fito. Parsons bai cika buga aikinsa ba. Yawancin tunaninsa yana cikin takardun da ya buga da tafireta yana raba wa ɗalibai, sai a 1981 Graham Furniss ya tattara su wuri guda. Da ba a adana waɗannan takardu ba, da babban kaso na abin da mutumin ya gano game da nahawun Hausa ya tafi tare da shi.

Takardun suna kuma tona abin da mai su bai so a gani ba. Bronislaw Malinowski, wanda ake ɗauka a matsayin uban binciken al'adu ta hanyar zama cikin mutane, ya rasu a 1942. A 1967 matarsa ta bari aka buga littafin sirrinsa da ya rubuta da harshen Polan lokacin da yake bincike a Niyu Gini da tsibiran Trobriand. Masu karatu suka tarar da gajiya da kaɗaici da kalaman raini ga mutanen da littattafansa ke yabon hikimarsu. Tun daga lokacin masu wannan fanni suka daina ɗaukar rahoton mai bincike tamkar madubi.

A ɓangaren Faransa, tawagar Dakar-Djibouti da Marcel Griaule ya jagoranta daga 1931 zuwa 1933 ta ratsa ƙasashe da dama, ciki har da Nijar, arewacin Najeriya da arewacin Kamaru, ta koma Paris da kayan al'ada kimanin 3,500. Sakataren tawagar, Michel Leiris, ya riƙa rubuta abin da ya faru kullum, ya buga shi a 1934 da sunan L'Afrique fantôme, inda ya bayyana yadda aka ƙwace wasu kayan tsafi da barazana a ƙauyukan Mali ta yau. Katunan bincike da kayen Griaule suna ɗakin karatu na Éric-de-Dampierre a Jami'ar Nanterre. Da irin waɗannan takardu ne gidan tarihi na Quai Branly, tare da masana daga ƙasashen Afirka, ya shirya baje kolin 2025 da ya sake bin sawun tawagar, ya fito da sunayen mutanen da suka yi aikin fassara da tambaya, irin su Mamadou Vad ɗan Senegal da Abba Jérôme malamin Habasha.

Nan ne, a ganina, babban amfanin takardun yake. Bangon littafi yana ɗauke da suna ɗaya, alhali aikin na mutane da yawa ne. Ƙamus ɗin Hausa na R. C. Abraham da aka buga a 1949 ya fito da sunaye biyu, nasa da na Malam Mai Kano. A bugu na biyu na 1962 sunan Abraham kaɗai ya rage. Idan haka ta faru da wanda sunansa ya taɓa hawa bango, sai mai karatu ya kwatanta da tafintoci da malamai da tsofaffin mata da ba a taɓa ambata ba. Sau da yawa wurin da kawai za a ga sunansu shi ne saman shafin kaye, inda mai bincike ya rubuta ranar hira, da garin, da wanda ya yi magana.

Daga Salga zuwa Jamus, daga Legon zuwa Evanston

Labarin rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete Krachi ya isa ya nuna yadda irin waɗannan takardu ke tafiya. An haife shi a Kano a wajen 1858, ya tashi a Kabi, ya yi karatu a Sakkwato, sannan ya bi hanyar fatauci zuwa Salga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Yaƙin basasar da ya watsa Salga a 1892 ya sa fatake da malamai da yawa suka koma Kete Krachi a bakin kogin Volta, shi ma daga baya ya bi su, ya zama limami, ya rasu a can a 1934. Lokacin da ya koma can, garin yana ƙarƙashin Togo ta Jamusawa. Jami'in Jamus da ke mulkin gundumar, Adam Mischlich, wanda ya buga ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci a 1906, ya riƙa neman malamin ya rubuta masa bayanai da ajami a kan ƙasar Hausa: noma, sana'o'i, aure, sarauta, tarihin garuruwa.

Mischlich ya buga wasu a mujallun Berlin da cikin littattafansa. Asalin rubutun kuwa ya tafi Jamus tare da shi, daga baya ya koma hannun wani masanin harsunan Afirka, Sölken, wanda ya fitar da tarihin Kabi daga ciki. A 1973 Douglas Ferguson ya rubuta kundin digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles inda ya fassara bayanan Alhaji Umaru zuwa Turanci. A shekarar 2000 Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw ya buga wani kaso na rubutun zuben tare da hoton ajamin, daga tarin Mischlich da Sölken. Wato rubutun da Bahaushe ya yi da Hausa a bakin Volta ya shekara kusan ɗari yana wucewa daga akwatin wani masani zuwa na wani kafin jikokin mutanen da aka rubuta labarinsu su iya ganin hannun malamin. Tsohon garin Kete Krachi kansa yanzu yana ƙarƙashin ruwa tun bayan da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960.

Hanya ta biyu da aikin Alhaji Umaru ya tsira ta bi ta Legon ne, kusa da Akra. A farkon shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana, ƙarƙashin Thomas Hodgkin, ta fara tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami. Ivor Wilks, wanda ya zo Gana a 1953, shi ne kan gaba, amma mutumin da ya riƙa shiga zanguna da gidajen malamai yana roƙon a ba shi aron littafi shi ne Alhaji Osmanu Boyo. Tsarinsu mai kyau ne: a ari rubutun, a ɗauki kwafinsa a jami'a, a mayar wa mai shi da abinsa. Ta haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce, ciki har da waƙoƙin Alhaji Umaru na Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, da talauci da wadata, da annobar mura ta 1918.

Wilks bai tsaya ga rubutu ba. Ya zauna da limamai da dattawa a Wa, Salga, Kumashi da wasu garuruwa yana tambayar wa ya karantar da wa, yana kwafe salsalar ijazar da malamai ke bai wa ɗalibai bayan sun sauke Tafsirin Jalalaini, Muwaɗɗa da Ashafa. Ya bar Gana a 1966, ya koma Jami'ar Northwestern da ke Evanston kusa da Chicago a 1971, ya rasu a 2014. Bayanan hirarrakinsa suna ɗakin karatu na Herskovits na wannan jami'a. Littattafansa a kan Asante da Wa sun ɗauki abin da ya dace da hujjar da yake kafawa. Wanda ke neman sunan kakansa a jerin limaman wani zango, bayanan hirar ne za su fi yi masa amfani.

Ɗakin karatun na Herskovits, wanda aka kafa a 1954, yana ɗauke da sunan Melville Herskovits, masanin da ya yi bincike a Dahomey a 1931 tare da matarsa Frances. A nan ne kuma ɗakin karatun Umar Falke ya ƙare. Falke malami ne kuma ɗan kasuwa a Kano, ɗan ɗariƙar Tijjaniyya, ya rasu a 1962 ya bar rubuce-rubuce fiye da 3,000. Ta hannun John Paden, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1960, aka kai su Evanston, kuma a 1978 Abdullahi Mohammed ya rubuta kundin digirinsa a kansu. Akwai kuma abin da Paden ya tara da kansa, da na John Hunwick, wanda ya kafa cibiyar tattara rubutun Larabci a Jami'ar Ibadan a 1964 kafin ya ƙare aikinsa a Northwestern.

Mutum na iya kallon wannan ta fuska biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Kundin Falke ya tsira a matsayin abu guda, ba a raba shi tsakanin magada ba, gara ba ta ci shi ba. Amma ɗalibin Kano ko Damagaram da ke son karanta shi yana buƙatar biza da kuɗin jirgi. Tsarin Legon na aro da mayarwa ya fi adalci, ko da yake shi ma yana da nasa rauni: kwafin takarda na wancan zamani yana dusashewa, asalin kuma ya dogara da yadda iyalan suka riƙe shi.

Ma'ajiyoyin da ke gida

Ba duka ne suka ƙetare teku ba. A Nijar, Boubou Hama, malamin makaranta kuma marubuci wanda ya shugabanci Majalisar Dokoki har zuwa juyin mulkin 1974, ya yi amfani da matsayinsa ya tara rubuce-rubucen Larabci da ajami daga sassan ƙasar da maƙwabta. Tarin nasa shi ne tushen sashen rubutun Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wanda ke riƙe da rubuce-rubuce kimanin 4,000, ciki da na Hausa da Fulatanci. A Yamai ɗin dai akwai CELHTO, cibiyar Tarayyar Afirka mai adana tarihin baka da aka naɗa a kaset.

A Dakar, cibiyar IFAN tana riƙe da kayen ɗaliban makarantar William Ponty, inda aka horar da malamai da ma'aikata daga duk yankin Afirka ta Yamma na Faransa. An riƙa sa ɗalibai su rubuta bincike a kan al'adun garuruwansu kafin su gama. A 2015 UNESCO ta sanya waɗannan kaye cikin jerin takardun tarihi na duniya. Aikin makaranta ne aka yi don a samu maki daga malamai Faransawa, kuma ya kamata a karanta shi da wannan a zuciya, amma 'ya'yan ƙasa ne suka rubuta shi a kan gidajensu.

A Najeriya kuwa, Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya zama ɗan ƙasa, shi ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa da ya kwafi rubuce-rubuce masu yawa daga gidajen malamai, sannan a 1970 ya kafa Arewa House a Kaduna, a harabar gidan Sardauna. Ɗalibinsa Murray Last ya rubuta tarihin Daular Sakkwato da aka buga a 1967 ne bayan ya zauna a gaban Waziri Junaidu yana karanta wasiƙun waziran Sakkwato. Wannan ma wani nau'in takardun masani ne, waɗanda gida guda ya riƙe fiye da ƙarni.

Ga Hausawan Sudan da Cadi, wurare biyu a Turai suna da muhimmanci. Jami'ar Durham a Ingila tana da ma'ajiyar takardun Sudan tun 1957, wadda ta tara wasiƙu da littattafan sirri na jami'ai da malamai da 'yan mishan da suka yi aiki a can. Jami'ar Bergen a Norwe kuma tana da hotunan takardun da R. S. O'Fahey ya ɗauka a Darfur a shekarun 1970, musamman takardun mallakar ƙasa da sarakunan Darfur suka bai wa malamai da manyan gidaje. Darfur tana kan hanyar da alhazan ƙasar Hausa suka bi da ƙafa zuwa Makka. Bayan yaƙe-yaƙen da suka auka wa yankin tun 2003, hotunan da wani malami ya ɗauka don bincikensa sun zama shaida a kan wa ke da wace ƙasa.

Wuta ba ta bambanta ƙasa mai arziki da matalauciya. A ranar 18 ga Afrilun 2021 gobarar daji ta cinye ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town, inda ake ajiye tarin nazarin Afirka. A 2023, cikin yaƙin Sudan, ɗakin karatu na cibiyar Mohamed Omer Beshir a Jami'ar Ahliya ta Omdurman ya ƙone. Sai dai abin da ya fi cinye takardun malamanmu ba ya shiga labarai. Na taɓa sayen ƙosai a bakin wata jami'a aka ƙunsa mini shi a shafin da aka buga da tafireta, da gyaran jan biro a gefe, a kan sarautun wata masarauta. Mai ƙosan ta ce buhu guda ta saya bayan an kwashe ofishin wani malami da ya rasu don a bai wa sabon malami ɗakin.

Yadda ake tsara su da sharuɗɗan karanta su

Takardu na isa ma'ajiya ta hanyar kyauta, ko wasiyya, ko saye, ko ajiya. Bambancin yana da muhimmanci ga iyali: a kyauta mallaka ta koma hannun ma'ajiyar, a ajiya kuwa, abin da Faransawa ke kira dépôt, iyali na nan a matsayin masu abu kuma suna iya karɓar kayansu bisa sharaɗin da aka rubuta.

Ma'aikatan ma'ajiya ba sa rarraba takardun mutum bisa fanni kamar yadda ake jera littattafai. Ƙa'idar da suke bi ta samo asali ne daga wani umarni na gwamnatin Faransa na 1841 da ake dangantawa da Natalis de Wailly, wato respect des fonds: abin da ya fito daga hannu ɗaya a bar shi tare, kuma gwargwadon hali a bar shi a jeren da mai shi ya bari. Dalilin a fili yake. Wasiƙar da aka tarar a tsakiyar wani kaye tana gaya maka lokacin da aka rubuta kayen da abin da ke ran marubucin. Idan aka cire ta aka kai wani kwali, wannan bayani ya ɓace. Sakamakon haka ga mai nema shi ne ba zai tarar da kwalin da aka rubuta wa "Hausawan Kamaru" ba. Sai ya fara sanin wane masani ne ya yi aiki a garin da yake nema, a wace shekara, sannan ya nemi inda takardun wannan mutum suke. Ana auna girman tari da mita, wato tsawon kantar da kwalayen suka cika, kuma kowane kwali ko fayil yana da lambarsa, cote a Faransanci, wadda da ita ake nemansa.

Ba kowane fayil ake buɗewa ba. Takardun da suka shafi sakamakon ɗalibai, rashin lafiya, ko wasiƙun shaida da aka rubuta a asirce sukan kasance a rufe na wasu shekaru. A Faransa dokar takardun hukuma ta sa shekara 50 ga abin da ya shafi rayuwar mutum ta sirri, takardun da iyali suka bayar kuwa sharaɗin mai bayarwa ake bi. Mallakar takarda kuma daban take da haƙƙin buga abin da ke cikinta. Wasiƙa ta wanda aka aika wa ce, amma kalmomin na marubucin ne da magadansa, a Faransa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Akwai kuma haƙƙin da doka ba ta cika kulawa da shi ba. Dattijon da ya gaya wa mai bincike a 1964 cewa gidan wane asalinsu bayi ne bai yi zaton wata rana za a sa maganarsa a intanet jikokin gidan su karanta a waya ba. Wanda ya samu irin wannan bayani ya kamata ya yi tunani kafin ya yaɗa shi.

Kada kuma a ɗauki kaye tamkar ba ya kuskure. Mai bincike ya rubuta abin da ya ji ne ta bakin tafinta, wani lokaci da dare bayan hirar ta wuce, kuma mai ba da labari yana da nasa dalilin faɗin abin da ya faɗa, musamman idan ana rigimar sarauta ko limanci a lokacin. Amfanin kayen shi ne yana nuna wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, abin da ke ba mai karatu damar aunawa.

Ga mai son nema

Yawancin manyan ma'ajiyoyi sun sa jerin abin da suke da shi a intanet ko da takardun kansu ba su hau ba. Na jami'o'in Faransa ana duba su a Calames, na Birtaniya a Archives Hub. Ma'ajiyar takardun ƙasashen da Faransa ta mallaka da ke Aix-en-Provence tana da sashen takardun mutane ban da na gwamnati. Shirin Endangered Archives na ɗakin karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004, yana ba da tallafi a ɗauki hoton takardun da ke cikin haɗari, a bar asalin a ƙasarsa, a sa hotunan a intanet kyauta.

Babban abin da ke hana samun abin da ake nema shi ne rubutun suna. Bafaranshe ya rubuta Haoussa, Bajamushe Haussa, Baturen Ingila Hausa. Alhaji Umaru yana fitowa a matsayin Imam Imoru, ko Umaru Krachi, ko al-Hajj Umar al-Salghawi, garinsa kuma a takardun Jamusawa Kete-Kratschi ne. Njamena kafin 1973 Fort-Lamy ce. Sai an gwada kowane salo. Idan an samu lambar fayil, a rubuta wa ma'aikacin ma'ajiyar gajeriyar wasiƙa da Faransanci ko Turanci, a faɗi ko wane ne mai nema, da lambar, da dalili. Da yawa suna aiko da hoton 'yan shafuka kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, kuma ba sharaɗi ba ne mutum ya zama ɗan jami'a. Wanda ya ce kakansa ne aka yi hirar da shi sau da yawa yana da abin da ma'ajiyar ke buƙata, domin yana iya gane fuskokin da ke cikin hotunan da ba a rubuta wa suna ba.

Iyalan da malami ya rasu ya bar musu kwalaye kuwa, abu na farko shi ne kada a sake jera takardun, kada kuma a zubar da ambulan, domin tambarin gidan waya shi ke ba da kwanan watan wasiƙar da ba a sa wa rana ba. A ɗaga kwalayen daga ƙasa saboda gara da danshi, a nisanta su da bango, a cire ƙarafunan da suka yi tsatsa, kada a liƙa salatif a kan abin da ya yage. Bayanin hoto a rubuta shi da fensir a bayansa tun masu gane fuskokin suna raye. Kaset yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba, don haka shi ya fi gaggawar a juye shi zuwa kwamfuta. Malaman wannan zamani kuma yawancin wasiƙunsu suna cikin imel da WhatsApp ne, daftarinsu a kwamfutar da ke da kalmar sirri, kuma jami'o'i da yawa suna rufe adireshin imel na ma'aikaci bayan ya bar aiki. Idan za a miƙa takardun ga wata cibiya, a rubuta yarjejeniya da ta fayyace ko kyauta ce ko ajiya, da fayilolin da za a rufe da tsawon lokacin rufewar, a kuma nemi a bai wa iyali kwafin hotunan duk abin da aka ɗauka.